Aikin Banki da Ba Ya Kan Rasit

 

Makon jiya da muka tashi, ma'ajiyarmu ta ja ni gefe ta ce ta gaji, a nemi wata. Ita ta ba ni izinin faɗa a nan. Shekara biyu ke nan akwati yana kwana a ɗakinta. Ko biki aka yi a ƙauye ba ta iya kwana, kullum hankalinta yana gida. Magatakardarmu ma haka, duk ranar zama sai ta rufe teburinta a kasuwar Television tun kafin la'asar. Ko sisi ba mu taɓa ba su ba. In aka tambaye mu sai mu ce ai taimako ne.

Bari in kawo muku wani abu da muka koya a makaranta. A lokacin na ɗauka don jarrabawa kawai ake koyar da shi.

Banki yana cire kuɗin saƙon waya da na kati, wannan duk mun sani, muna ma ƙorafi. Amma babban abin da yake samu ba a nan yake ba. A ce Mama ta ajiye naira dubu 100, a ƙarshen shekara banki ya ɗora mata dubu 5. Kuɗin nan dai shi ya ranta wa wani ɗan kasuwa a Kakuri, ya karɓi ƙarin dubu 25. Dubu 20 ɗin da ke tsakani fa? Shi ne ladan tsare kuɗin, da rubuta lissafi, da bin bashi, da biyan mai gadi. Ba wanda aka miƙa wa rasit, amma an biya.

To, masu lissafin arzikin ƙasa sun daɗe da wannan ciwon kai: yaya za a ƙidaya aikin da ba a rubuta farashinsa ba? A tsarin lissafin da Majalisar Ɗinkin Duniya da takwarorinta suka fitar a 1993, an ce a ƙiyasta masa daraja daga wannan tazarar, a raba tsakanin mai ajiya da mai rance, a zuba cikin lissafin ƙasa. Wato sun yarda aiki ne, ko da rasit ko babu.

Kuma ƙidaya tana canja magana. A watan Afrilun 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta lissafinta, harkar waya da finafinai suka shiga yadda ya kamata. Rana ɗaya arzikin Najeriya ya koma kusan dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Tuwon kowa bai ƙaru a daren ba. Aikin dama yana nan, ƙidayarsa ce ba a yi ba.

Irin tsarin akwatin nan namu a yankin Maradi aka fara shi, a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Ajiya muke karɓa, rance muke bayarwa, bashi muke bi. Me ya rage mana da banki in ba kwandishan ba? A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, kun tuna abin da mai POS yake yanka kafin ya ba ki kuɗinki. Shi bai ji kunyar sa wa aikinsa farashi ba.

Ban ce mu fara biyan albashi ba, ba mu da ƙarfinsa. Kuma na san wasunmu ba sa son duk abin da ya yi kama da kuɗin ruwa; wannan ba shi ba ne, ladan wahala ne. Ra'ayina, kuma nawa ne kawai: magatakarda ta buɗe shafi a bayan littafi. Duk awar da aka ɓata, duk kuɗin Keke Napep zuwa bin bashi, duk katin waya, a rubuta. Ranar rabo a karanta a gaban kowa kafin a taɓa riba. Daga nan ku yanke: a mayar musu da abin da suka kashe, ko a riƙa karɓa-karɓa duk zagaye, ko duka biyun.

Mama ma'aji ta yarda ta riƙe akwati zuwa ranar rabo. Masu makulli, ku matso mu buɗe, in mun gama ƙirga sai a ɗaga hannu kan maganar shafin.