Fijo da Landirofa a Ma'auni

 Yau za mu ɗora motoci biyu a ma'auni, Fijo 504 da Landirofa, domin muhawarar da iyayenmu suka soma a kansu a tasha har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.

Ita Fijo, wadda Faransa ta fitar a 1968, aka kuma soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, mota ce mai laushin zama da ƙarfin gudu, injinta mai silinda huɗu yana juya tayoyin baya kaɗai, shi ya sa in ta samu kwalta tsakanin Nguru da Gashuwa sai dai Landirofa ta sha ƙurarta. Landirofa kuwa, 'yar Ingila, wadda asalinta ya koma 1948, ga shan mai, ga jijjiga mai kwance wa dattijo ƙugu, amma da yake tayoyinta huɗu duka suna ja, tana kuma da ƙaramar giya, rairayin Yusufari da Machina da ke kafe Fijo, ita ratsa shi take yi cikin natsuwa. Kowacce da fagenta.

To, amma ga abin da ke damuna. Dukansu biyu da ruwa suke sanyaya inji, mu kuwa mun san bazarar ƙasar nan. Direba ya lafta buhunan gero da busasshen kifi fiye da ƙima, mota ta kafe, ya yi ta danna totur har inji ya tafasa, sannan ya sa hannu ya buɗe murfin lagireto. Haba malam! Wannan ganganci ne, tururin nan saɓule fatar fuska yake yi. Wani ma ruwan sanyi yake kwarara wa injin, kan injin ya tsage. Yadda ƙarfen ke tsagewa, wannan fannin bakanike ne, ni dai na ga ɓarnar da idona.

Sauri ya haifi nawa. In ta kafe, sauke fasinja, rage iskar taya, a tura. In ta yi zafi, kashe ta, nemi inuwa, ka jira ta huce. Rayukan da ka ɗauko amana ce a wuyanka, za a kuma tambaye ka. Kafin ka tayar da asuba, duba ruwa, duba fambel, ko Fijo gare ka ko Landirofa. Kada dai a taɓa murfin nan da zafi. Allah ya kai mu gida lafiya.