Shayarwa Bayan Tiyatar Mama

Yau za mu taɓa wata magana da ake jin nauyin yin ta: shin macen da aka yi wa tiyata a mama za ta iya shayar da ɗanta?

Akwai tiyatar da ake yi don ƙara girman mama. Likita yakan tsaga fata ya cusa wata 'yar jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri. A Amurka aka fara sa ta silikon a 1962, yanzu kuma ana yi a ƙasashe da dama. Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin a cikinmu akwai wadda aka tsaga wa mama don cire ƙulluto ko ƙurji, kuma bayanin kusan ɗaya ne.

Amsar ita ce, yawancinsu suna shayarwa. Jakar ba a cikin ruwan nonon take ba. A bayan inda nono ke taruwa ake ajiye ta, ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji. Abin dubawa shi ne inda wuƙa ta bi. In ta ƙarƙashin mama ne ko ta hammata, matsalar ba ta cika yawa ba. In kuwa an zagaye baƙin kan nono ne, ana iya yanke hanyoyin da nono ke bi, da jijiyar da ke sa ya zubo idan jariri ya tsotsa. Nan ne nono kan yi ƙaranci. Wadda aka cire wa mama ɗungurum saboda cutar daji, ko da an sa mata jaka a gurbinsa, wannan ɓangaren ba zai kawo ruwa ba, amma ɗayan shi kaɗai yana iya riƙe yaro.

To yaya za ki gane yaro na ƙoshi? Kada ki auna da girman mama, 'yar uwa, yaron za ki duba. Ki sa shi a nono tun sa'ar farko, ki ba shi dakashi, kada a matse a zubar. Ya sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Daga kwana na 5 ya riƙa jiƙa tsumma aƙalla sau 6 a yini. Kafin ya cika mako 2 ya koma nauyin da aka haife shi da shi. In ba ki ga haka ba, ki nemi izinin maigida a kai shi awo a ranar, kada a jira sai an yi arba'in.

Abin da nake roƙo, kada kunya ta sa ki ɓoye wa ma'aikaciyar asibiti wannan tiyata. Tun kina zuwa awon ciki ki faɗa mata. In nonon bai isa ba, ita za ta nuna miki yadda za a ƙara da madara, ke kuma ki ci gaba da ba shi wanda ya samu, don da babu gara ba daɗi. Kada a cika masa ciki da ruwa ko jiƙe-jiƙe kafin wata 6.

Iyayenmu surukai, don Allah a daina yi wa mai jego gori a kan nono. Hankali kwance shi ma yana taimaka wa nono ya sauko.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.