Ɗan Ƙwallon Kwando da Zaɓen Makaranta: Jawabi ga Iyaye da Matasan Kudancin Kaduna



Duk wanda ya san Kafanchan ya san mahaɗar jirgin ƙasa ce tun shekarun 1920, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Mutanen irin wannan gari ba sai an koya musu a tambayi inda jirgi ya dosa kafin a shiga ba. Tambayar da ya kamata a yi wa kowace makaranta ke nan idan ta ce za ta ɗauki yaro saboda ƙwallon kwando.

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi akwai samari da 'yan mata da Allah ya hore wa tsawo da zafin nama, kuma burin da yawansu shi ne wasan ya samo musu sukolashif a wata jami'a ta Amurka. Buri ne mai kyau, ba kuma mafarki ba ne. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston a 1980, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan NBA na 1984. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara wasa, ya je makarantar sakandare a Seattle, daga nan ya yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck. Bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma yana shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofi a 2019. Sai dai lalle ne a san ƙofar ƙarama ce. A cikin yaran Amurka kansu masu buga wasan a sakandare, kimanin ɗaya bisa ɗari ne ke samun shiga rukunin farko na jami'o'i.

Tsakanin sakandare da jami'a Amurkawa suna da makarantun share fage, yawancinsu na kwana, inda yaro yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana karatu yana wasa a gaban masu horarwa na jami'o'i. Akwai na ƙwarai a cikinsu, waɗansu kuɗinsu ya zarce dala 60,000 a shekara, sai wanda suka yafe wa. Akwai kuma waɗanda suna kawai gare su: ƙungiyar wasa ce da gidan haya, ajin kuwa kwamfuta ce a kusurwar ɗaki. Daga Kafanchan, a fuskar waya, dukansu kamarsu ɗaya, riguna masu kyau da fili mai sheƙi.

Abin da ke raba su shi ne takarda. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, watau NCAA, tana da ofishi na tantance ɗalibai, kuma ba ya duba tsawon yaro ko yawan ƙwallon da ya jefa. Abin da yake nema ga mai son rukunin farko darussa 16 ne na asali, a cikinsu huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, da matsakaicin maki 2.3 bisa 4. Bugu da ƙari, ana son a kammala su cikin shekara huɗu daga shekarar karatu ta tara. A lissafin makarantun Nijeriya, wannan aji uku ne na ƙaramar sakandare. Ashe ke nan yaron da ke aji biyu na babbar sakandare a Zonkwa ya riga ya ci fiye da rabin wa'adinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Idan wani ya ce masa ya bar makarantarsa ya zo a mai da shi baya aji biyu don ya ƙara ƙwari, to wa'adin ba ya komawa baya tare da shi. Idan kuma makarantar da ya koma ba ta cikin waɗanda hukumar ta amince da darussanta, duk zaman da ya yi ya zama aikin baban giwa. Ana iya duba sunan kowace makaranta a shafin hukumar na intanet, kyauta.

Nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauka takardar gida ba ta da daraja a can. Alhali kuwa hukumar tana karɓar sakamakon WAEC da NECO. Yaron da ya zauna ya gama aji uku, ya ci Turanci da lissafi da kimiyya da kyau, ya tafi da abin da babu mai ƙwace masa, ko gwiwa ta karye, ko mai horarwa ya sake shawara. Wanda ya tafi babu ita kuwa, ransa na hannun wanda ya kai shi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Ɗalibi ba ya samun biza sai da takardar I-20, wadda makarantar da gwamnatin Amurka ta yi wa rajista kaɗai ke bayarwa, kuma zamansa a ƙasar ya rataya ne a kanta. A 2019 wata kotun tarayya ta ɗaure wata mai makaranta a birnin Charlotte wata 18, saboda ta riƙa ba da irin wannan takarda ga yaran ƙasashen waje 'yan wasa waɗanda ba a makarantarta suke karatu ba. Dillalai ne ke kwashe su zuwa waɗansu wurare. Saboda haka sunan da ke kan takardar lalle ya zama na makarantar da yaro zai zauna a ajinta, kuma a rubuce a nuna wanda zai biya kuɗin abinci, da na asibiti, da na jirgin dawowa. Dillalin da ya ce a sayar da gonar citta a ba shi kuɗin hanya tukuna, ko ya ce a rage wa yaro shekaru a fasfo, a sallame shi tun daga zaure. Ƙaryar shekaru idan ta tonu, kan yaron take faɗawa, dillali ya daɗe da wucewa.

Har ila yau, dokokin bizar kansu suna sakewa. A watan Yuli 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya, a watan Disamba na shekarar kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ɗalibai. Kada iyali su kashe ko kwabo sai sun ji matsayin doka a ranar daga ofishin jakadanci a Abuja, inda akwai sashen EducationUSA mai ba ɗalibai shawara.

Ba kuma ta Amurka kaɗai ake ganin yaro ba. Gasar Milo ta makarantun sakandare tana zagaya jihohi, saboda haka kafin a sa yaro a wata sakandare a Kafanchan ko Kaduna, a tambaya ko tana shiga gasar, a kuma nemi ganin sakamakon jarrabawar 'yan wasanta na bara. Gidauniyar Giants of Africa, wadda Ujiri ya kafa a 2003, tana shirya sansanonin horo a Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da suna a wannan wasa, kuma tana buga gasar jami'o'i ta NUGA. A nan kusa akwai Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin garin Kafanchan, inda yaro zai ci gaba da karatu yana atisaye, yana tara hotunan bidiyo na cikakken wasa, domin masu horarwa sun fi amincewa da su a kan 'yan gutsattsarin da aka tsince masu kyau kawai.