WA ZAI GYARA MANA NA'URA IN TA TSAYA?

 Yau ran kasuwa ce, kowa ya baro kaya a rumfa, saboda haka ba za mu tsare ku da dogon zance ba. Magana ɗaya muka zo da ita, watau karatun lantarki, da dalilin da ya sa muke roƙon kowane reshe ya tura yaransa su koye shi.

Ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta ran 3 ga Agusta 1960. Amma ku tuna da Agusta 2023, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, wadda ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da muke amfani da shi a lokacin. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka yi ta kwana cikin duhu, ba a maido ta ba sai Maris 2024. A watannin nan mai hali ya sayi faifan hasken rana da batir, ya kuwa gane abin da ba a gaya masa ba wajen ciniki: kayan nan suna lalacewa. Zafin bazara yana cin batir, ƙurar hunturu tana rufe faifai. In famfon gari ya tsaya, ko firjin da ke ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye ya mutu, wa muke kira? Sau da yawa sai a zauna jiran wani daga babban birni, mata kuwa su koma jan guga.

Kada wani ya ce muna raina mai gyaran rediyo da waya na bakin kasuwa. Haba! Da basirarsa ya koya, ba wanda ya ba shi littafi. Sai dai shi yakan yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa abu ya tashi, kuɗin duk kayan kuwa daga aljihunka. Wanda ya yi karatun yana buɗe taswirar na'ura ya karanta, ya ɗora ma'auni, ya ce ga inda wuta ta tsaya. Ya san dokar da wani Bajamushe mai suna Ohm ya bayyana a 1827, cewa gudun wuta cikin waya yana bin ƙarfin da ke tura ta da tirjiyar da ke tare ta. Ya san fitila mai wat 24 a kan batir mai volt 12 tana jan amfiya 2, don haka tun kafin ka biya zai lissafa maka awa nawa batirin zai kai, da kaurin wayar da ba za ta yi zafi ta ƙone maka zana ba. Nawa ne cikinmu aka sayar wa firji da faifan da bai isa ya ɗauke shi ba?

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yaron da ya sami BEPC yana iya shiga makarantar fasaha, irin Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ya yi shekara 3 ya ɗauki bakaloriya. Sa'an nan ya ƙara shekara 2 ya sami takardar da ake kira BTS ko DUT. A Maraɗi akwai IUT mai sashen lantarki, a Yamai akwai EMIG. Wannan matsayi yana tsakanin injiniya mai zana aiki da lebura mai ɗaukar kaya, shi ne kuwa wanda ake nema kullum. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Ginawa aikin 'yan shekaru ne, kiyayewa kuwa sai an gaji mutane.

To, me ya hana? Laifin farko namu ne, mu malaman makaranta, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Makarantar da Nasara ya kafa, magatakarda da tafinta take nema, mu kuwa muka gaji halinta. Yaro mai kai muna ce masa ofis, wanda muka ga ya gaza shi muke turawa aikin hannu, kamar horo. Ga shi kuwa karatun lantarki lissafi ne tsantsa, mai kai yake so. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, malamin kimiyya ne da duniya ta san shi, ya kuwa ba da shekarunsa ga aikin hasken rana a ONERSOL har ya rasu a 1991 bai bar zancen ba. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi, mu kuwa muna hana ƙannensa taɓa waya.

Iyaye ma suna da tasu hujja, mun ji ta. Sun ce shekara 5 ba wasa ba ce, ga masauki ga abinci a garin da ba naka ba, yaro kuma ya gama ya tsallaka Kano ko Aljeriya. Gaskiya ne, wasu suna tafiya, galibi don sun dawo da takarda ba ma'auni, ba ƙarfen liƙi, ba rumfa. Wannan kuwa abu ne da reshe zai iya magancewa da karo-karo.

Saboda haka ga abin da muke nema kafin kasuwa mai zuwa. Kowane reshe ya rubuto sunayen yaran da suka sami BEPC masu ƙarfi a lissafi, har da 'yan mata, don aikin nan ido da natsuwa yake so, ba ƙwanji ba. A nemo 'yan uwa a Maraɗi da Yamai da za su sauke su. A buɗe asusu a hannun ma'aji don kayan aikin wanda ya gama, da sharaɗin famfon garinsu da firjin asibitinsu su zama a wuyansa. Magatakardan reshe ya kawo takardar da hannunsa. Wassalam.