JAWABI BISA GURJI DA KOKWAMBA

(Wanda ƴan kwamitin lafiya na ƙungiya suka yi gaban jama'a a ƙofar mai gari)

Muna gaida mai gari da liman da dattawa. Muna gaida iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo. Muna yi wa ƴan uwanmu da suka komo daga cin rani barka da zuwa, na Yamai da na Kano da na Ikko da na Abijan. Waɗanda ba su samu komowa ba, wannan takarda za ta ishe su inda suke, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Maganar yau bisa kokwamba take, wadda masu zuwa Yamai da Abijan ke ce wa konkombur. Mun ga wasu na murmushi, suna cewa ashe don ɗan abin lambu aka tara dattawa. To, ga dalili. Bara wani dattijo daga cikinmu, ba mu faɗin suna, ɗansa ya aiko masa da saƙo ta salula cewa kokwamba na wanke ciwon suga sarai. Tsoho ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ba shi, ya kama cin kokwamba safe da maraice. Ba a yi wata biyu ba sai da aka ɗauke shi bisa amalanke zuwa gidan likita, bai san inda kansa yake ba. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi. Ɗan nan ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce ta sa shi, shi ma ji ya yi ya aiko. Don kada a koma yin irin wannan muka ce gara mu zauna mu faɗa wa juna abin da kokwamba ke yi da abin da ba ta yi.

Ita dai ba baƙuwa ba ce ƙwarai. Kakanninmu sun san gurji, wanda ke yaɗo tsakanin gero da damina. Wa ke nan da bai taɓa tsinkar gurji cikin gona ba, ya goge shi ga riga, ya kashe ƙishirwa kafin a kawo fura? Kokwamba ƴar uwarsa ce, dangi guda suke da guna da kankana da kabewa, asalinta ƙasar Indiya. A garuruwa irin namu ta samu shiga ne tare da salati da shu da karoti, sa'ad da lambuna suka yawaita bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi ta kiran jama'a ga noman rani. Manyanmu na tune da shekarar, ba sai mun daɗe bisa kanta ba.

Me ke cikinta? Ruwa. In aka raba kokwamba kashi 100, wajen kashi 95 ruwa ne. Sauran ɗan abin da ya rage akwai harza mai taimakon ciki ya tafi daidai, da ɗan bitamin K, da ɗan gishirin jiki da ake ce wa potasiyom. Ƙarfin da take ba jiki kaɗan ne ainun: giram 100 na kokwamba kalori 15 ne, alhali giram 100 na gero ya wuce 350. Ma'ana, in mutum ya cinye kilo guda cur, bai samu ƙarfin da ke cikin giram 50 na gero ba.

Nan amfaninta yake, nan kuma iyakarta. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, jiki na zubar da ruwa ta zufa, tsofaffi kuma sau da yawa ba su jin ƙishirwa har sai jiri ya kama su. Tsohon da ake fama da shi ya sha ruwa ya ƙi, in aka yanka masa kokwamba da ɗan lemun tsami yakan ci da daɗin rai. Wanda haƙora suka gudu, a fere masa, a kankare ta ƙanana. Amma randa ita ce gaba, kokwamba ƙari ce bisa ruwan sha. Haka mai ƙiba da mai ciwon suga, in yunwar la'asar ta taso, gara su ci kokwamba da su sha lemun kwalba ko su ci fanke, zama ba ta tada suga kamar waɗannan. Ta nan ne jita-jitar ta samo tushe. Abin da bai ƙara maka cuta ba dabam, abin da ke warkar da cutar dabam. Mai ciwon suga da mai hawan jini su ci, su kuma riƙe maganinsu, su dinga zuwa awo. Mai hawan jini ya lura da hannun mai haɗawa, don in aka zuba gishiri da dunƙulen magi da yawa, an ɓata abin da aka zo gyarawa.

Da azumi tana da daɗi wajen buɗa baki. Malamanmu sun san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yana cin irin wannan ɗan itace tare da ɗanyen dabino. Sai dai ga sahur kada mai aikin ƙarfi ya dogara gare ta, ba ta riƙe ciki. In ana so ta zama abinci, a yi kwaɗonta da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, ƙarfin daga gyaɗar zai fito.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Jinjirin da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai. Yaron da aka yaye kuma cikinsa ƙarami ne, in an cika shi da kokwamba an cika shi da ruwa, babu wurin kunun gyaɗa da wake da ƙwai da zogale waɗanda ke gina shi. A ba shi ɗan yanki bayan ya ci abinci. In kuma zawo ya kama yaro, kokwamba ba ta mayar da abin da ya zuba. A nemi ƙunshin garin nan na gishiri da sukari a gidan likita. In dare ya yi babu shi, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi likita. Ƴan matan da ke ɗora yankanta bisa ido don sanyi, ba mu hana su, amma idon da ya yi ja yana kwantsa likita yake so.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Kokwamba ɗanya ake ci, ba ta ganin wuta, duk ƙazantar da ta hau ta ciki za ta. Ku ƴan cin rani kun ga lambunan birni da idonku, na bakin Gunti Yena a Yamai da na bakin Jakara a Kano, kun san irin ruwan da ke bi ta nan. Kun kuma ga mai tire a tasha, ya yanka tun hantsi, ƙuda na sauka, yana yayyafa ruwan da ba a san rijiyarsa ba don ta yi sheƙi. Zawo da amai ya shiga yankin Madarunfa a 2018, ya sake ɓullowa a jihar Maraɗi da wasu jihohi a 2021, kuma ta ruwa da ɗanyen abinci da hannu marar wanki yake bi. Saboda haka ku sayi wadda ba a yanka ba. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke wuƙa, ku wanke kokwambar da ruwan da kuka yarda ku sha. In ba ku san lambun da ta fito ba, ku fere ɓawon. Asarar ɗan bitamin ta fi sauƙi bisa kwana uku a gadon likita. Mai son sa ruwan jabel ya tambayi ma'aikacin lafiya yawan ɗigon da ake sawa, zama ƙarfin kwalabe ba ɗaya ba ne. Wadda aka yanka a cinye ta nan take, kada ta kwana. Wadda kuka ɗanɗana kuka ji ɗaci mai tsanani, ku jefar, wannan ɗacin na murɗa ciki ya sa zawo. Kada wani ya ce muku ɗacin shi ne maganin.

Mafi kwanciyar hankali dai ita ce wadda muka shuka da hannunmu. Ba ta da wuya. Rami da taki ruɓaɓɓe, ƙwaya 2 ko 3, ban ruwa kullum ba fashi, don ƙishirwa da zafi ne ke ƙara mata ɗaci. Cikin kwana 45 zuwa 60 an fara tsinka. A dinga tsinka bayan kwana biyu ko uku tun tana kore shar, in an bar ta ta yi rawaya bisa uwa, uwar sai ta rage haihuwa. Furen farko da kuke gani na zubewa ba cuta ba ce, maza ne. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi, kuma zuma ke kai mata garin namiji. Don haka mai feshi kada ya yi da safe lokacin da zuma ke aiki, kuma ya ƙirga kwanakin da aka rubuta ga kwalbar kafin ya tsinka ya kai kasuwa, ɗiyan wani ne za su ci.

Ku da ke aiko da iri cikin ƴan fakiti, mun gode, amma ku duba. In an rubuta F1 bisa takardar, irin na haihuwa da kyau shekarar farko, sai dai in aka ajiye ƙwayarsa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa. Ku faɗa wa matan da kuka aiko wa, don kada su ga laifin ƙasa ko na hannunsu. Irin gurjinmu kuwa tsofaffi su ci gaba da ajiye shi cikin tulu kamar yadda suka saba.

Saura maganar darnin lambun mata na bakin rijiya, wanda awaki suka kayar. Ma'ajin ƙungiya na nan zaune da littafi bayan an tashi. Na nesa su ba wakilin ƙungiya na garin da suke, ya haɗa ya aiko kafin a fara shukar rani. Liman zai yi muna addu'a. Wassalamu alaikum.