BAƘONKA ANNABINKA
Lacca ga 'yan ajin yaƙi da jahilci

Yau zancenmu a kan baƙi ne, amma ba baƙin da suka zo ziyara ko fatauci ba. Muna nufin mutanen da tashin hankali ya raba da gidajensu, suka fito ba shiri, wani da akuya ɗaya, wata da goyo da tabarma kurum.

Da farko ya kamata mu san iri uku ne. Akwai wanda ya ƙetare iyaka ya shiga wata ƙasa, hukuma ta karɓe shi. Shi ne ɗan gudun hijira a wurin doka. Akwai wanda ya ƙetare, ya roƙi mafaka, yana jiran amsa. Sa'an nan akwai wanda ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba, kamar mutumin Gwoza da ya koma Maiduguri. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan 'yan gudun hijira a Jeniba a 1951, na Afirka kuma suka ƙulla tasu a Adis Ababa a 1969. Babbar maganar da ke ciki ita ce, kada a mai da mutum inda ransa ke cikin haɗari.

To, amma takarda ba ta tuƙa tuwo. Wa ke ci da su? Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna ƙoƙari, amma babban kayan a kan talakawa yake. A 2015, da aka ƙidaya waɗanda rikicin Boko Haram ya kora, sai aka ga kusan tara cikin goma ba a sansani suke ba. A cikin gari suke, gidajen dangi da na mutanen da ba su taɓa sani ba.

Mu ɗauki misalin Yola. A watan Oktoba 2014 aka ci Mubi da yaƙi, jama'a suka kwararo Yola, da yawa a ƙafa. Tun 2012 limamai da malaman coci da 'yan kasuwa sun haɗa kai da Jami'ar Amurka ta Yola sun kafa ƙungiyar zaman lafiya. Ita ce ta shiga rabon hatsi, ba a tambayar mutum addininsa. Bayan haka aka buɗe wa yara ajin da ake ba su abinci sau ɗaya a yini, a koya musu karatu da lissafi. Bishop Stephen Mamza ya sauki dubban mutane a harabar majami'arsa. A 2021 ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Margi don waɗanda suka kasa komawa, da makaranta da coci, har da masallaci.

A Maiduguri kuwa wani lauya, Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36. Da yaƙi ya tsananta ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe ta kowane ɓangare, ɗan soja da ɗan wanda ya ɗauki makami suna zaune benci ɗaya. Karatu kyauta, abinci kyauta. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen.

Ku lura da abin da mutanen nan suka gane. Mudun hatsi yana kashe yunwar yau, amma ba ya mai da mutum mai cin gashin kansa. Yaron da ya shekara uku ba makaranta, ba gona, ba sana'a, duk wanda ya kira shi zai bi. Abin ya fi tsanani ga 'ya'yan ƙananan ƙabilu, kamar Glabda da Mafa na duwatsun Gwoza. Wanda bai iya Hausa sosai ba yana shan wuya a kasuwa da asibiti, in kuwa bai iya karatu ba, sai a miƙa masa takarda ya dangwala hannu bai san abin da ta ce ba.

Kada mu ɓoye wahalar masu masauki. Rumbu yana raguwa, haya tana tashi, layin rijiya yana tsawo. In aka ba baƙo aka manta da mai gida, ƙiyayya ke biyo baya. Don haka ne da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi a 2019, aka zaunar da wasunsu kusa da ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, aka sa ruwa da makaranta da ɗakin shan magani su zama na kowa, baƙo da ɗan gari.

Mu fa, me za mu iya? Ga abubuwa huɗu, ba wanda ke bukatar kuɗi mai yawa:

1. Kowane ɗan aji ya kawo baƙo ɗaya cikin aji, ya zauna kusa da shi, su yi tarayya a littafi. Mata su yi haka a nasu ajin.
2. Mai sana'a, tela ko maƙeri ko kafinta, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, kada ya mai da shi bara.
3. Mu roƙi mai unguwa da dagaci a ara musu gona, a rubuta sharaɗin aron gaban shaidu don kada a yi rigima da kaka.
4. Mu kama bakinmu. Kada mu kira yaro da sunan waɗanda suka kore shi, kada kuwa mu yi amfani da talaucin iyaye mu aure musu ƙananan 'yan mata.

Jama'a, wannan ba sabon abu ba ne. Sarkin Habasha Kirista ne, ya ba Sahabbai mafaka. A shekara ta 622 mutanen Madina suka raba gidajensu da dukiyarsu da waɗanda suka yiwo hijira daga Makka. Ba wanda ya san inda gobe za ta kai shi, alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mako mai zuwa kowa ya zo mana da sunan baƙon da ya samu, ya rubuta shi da hannunsa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.