Ƙungiyar Rotary da Yaƙi da Shan Inna

Kun saba ganin masu ɗigon rigakafi suna bi gida gida a nan Shanono. Yau zan gaya muku labarin wata ƙungiya da ke bayan wannan aiki, sunanta Rotary.

Ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Wani lauya ne, ana ce da shi Paul Harris, a birnin Shikago na Amurka, ya tara abokansa uku cikin shekarar 1905. Yau su taru a wurin aikin wannan, wani mako a wurin wancan, kamar yadda gayya ke zagaya gonaki. Daga wannan zagaye ta sami suna. Sannu a hankali ta ƙetare teku, 'yan kasuwa da likitoci da malamai na ƙasashe dabam dabam suka shiga. Da aka zauna kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, akwai 'yan Rotary a wurin taron.

Reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, cikin 1961, kafin na Ikko.

A 1985 ƙungiyar ta ɗau alkawarin yaƙar shan inna a duniya duka. A 1988 ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomi. A lokacin nan cutar tana gurgunta yara wajen 350,000 kowace shekara, a ƙasashe 125. Ku lura, mutumin da ya ba da kuɗinsa a Japan ko Indiya bai san ɗan da za a ɗiga wa a Bagwai ba, ba kuwa zai taɓa ganinsa ba.

To, ga abin mamaki. A 2003 aka ɗora wani lauya mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ya zama shugaban Rotary na duniya, shi ne mutumin Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. A shekarar nan ce kuma aka tsai da rigakafi a Jihar Kano, saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. Iyaye sun ji tsoro, kuma ba a zargin uwa don ta ji wa ɗanta tsoro. Amma cutar ba ta jira ba. Ta bi matafiya ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indunusiya. Sai a watan Yuli na 2004 aka koma ɗigo, bayan an gwada maganin an tabbatar ba shi da illa. Sarakuna da malamai suka sa baki, dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata.

Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Jihar Kano a ƙasar Sumaila yake, cikin 2014. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Amma tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma alhazanmu da nasu sahu ɗaya suke yi a Makka. Shi ya sa har yanzu ake sallama a ƙofar gidajenku da akwatin magani.